Sayen Tsohuwar Fistol ta Gasar Harbi: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Yawan harbi ba ya kashe fistol ɗin gasa mai cin harsashin .22 LR. Harsashin dalma ce mai laushi, albarushinsa ɗan kaɗan ne, saboda haka bututun bindigar yakan ci harsasai dubu bisa dubu, ya wuce hannun mutum biyu ko uku, yana nan yana zuba su wuri ɗaya. Shi ya sa sayen ta hannu ba abin kunya ba ne a wannan wasa. A kulob-kulob ɗin Jamus da Italiya da Amurka za ka ga bindigogin da suka girmi masu harba su suna cin gasa. Abin da ke kashe su uku ne: jan kunama ba harsashi a ciki, ɗura musu harsashin da ya fi ƙarfinsu, da rasa kayan gyara bayan kamfani ya rufe. Duk binciken da za ka yi, waɗannan ukun kake farauta.

Kafin komai, doka. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa jama'a, ba a mallakarta sai da lasisin shugaban ƙasa. Ɗan wasan da ke harbi a ƙarƙashin wata runduna ko ƙungiyar wasan harbi, ta hannun hukumarsa zai bi, kuma duk wanda ya ce zai samo maka ta bayan gida, gidan yari yake nema maka. Jagorar nan ta fi amfanar waɗanda ke zaune a ƙasashen da wasan ke da kulob da rajista. A Jamus sai ka shekara guda kana memba a kulob kana zuwa atisaye a kai a kai, ka ci jarrabawar sanin makami, sannan a ba ka katin mallaka. A Amurka kowace jiha da dokarta, amma in daga wata jiha za a aiko maka, dole ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya. A Birtaniya an haramta irin waɗannan bindigogi tun 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, sai dai a Ireland ta Arewa. Kanada ta dakatar da cinikin fistol tun Oktoban 2022, ta bar ƙofa ga 'yan wasan da ke matakin Olamfik kawai. Ka gama da takardunka tukuna, sannan ka fara duba tallace-tallace.

Wace gasa za ka shiga?

Wannan tambayar ce ke rage maka rabin wahala, domin bindigar da ta halatta a wata gasa haramtacciya ce a wata.

In tsarin hukumar harbi ta duniya, ISSF, za ka bi, gasannin mita 25 ne gabanka. Akwai ta mata da ake yi a Olamfik tun 1984, harbi 60, rabi a natse rabi da sauri. Akwai ta maza mai saurin wuta, inda ake harbin alluna biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Akwai kuma wadda ake yi da daƙiƙa 150, 20 da 10, ita ba ta cikin Olamfik amma kulob-kulob na son ta. Dokar bindiga a dukkansu ɗaya ce: nauyinta kada ya wuce giram 1400, kunamarta ta iya ɗaukar giram 1000 ba ta tashi ba, bututu kada ya wuce milimita 153, tazarar saitin gaba da na baya kada ta wuce milimita 220, sannan ta shige cikin akwatin awo mai tsawon milimita 300, faɗi 150, zurfi 50. Saitin ƙarfe kawai aka yarda da shi, ba gilashi ba fitila.

A Amurka tsarin da ya fi yawa shi ne na ƙungiyoyin harbi biyu, NRA da CMP, kuma CMP na yin babbar gasarta a Camp Perry ta jihar Ohio. Harbin natsuwa a yadi 50, mai ƙayyadadden lokaci da mai sauri a yadi 25, biyar cikin daƙiƙa 20 da biyar cikin daƙiƙa 10. Can kunama fam biyu ta isa, kuma yawancin rukunoni sun yarda da saiti mai jan ɗigo. To ka ga Smith & Wesson Model 41 mai bututu inci bakwai, wadda ba ta da laifi a Ohio, ba za ta tsallake teburin awon ISSF ba, sai mai inci biyar da rabi. Haka Ruger mai dogon bututu.

Akwai tarko guda da sababbin shiga ke yawan faɗawa. Za ka ga Walther OSP ko Pardini GP fes, kamar ba a taɓa harba ta ba, kuɗinta kuma kamar kyauta. Dalili shi ne harsashin .22 Short take ci, kuma tun 2005 aka daina karɓarsa a gasar saurin wuta. Kyakkyawar bindiga ce wadda ba ta da gasa. Ka karanta abin da aka buga a jikin bututu da idonka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a talla.

Ita kuwa ta mita 50 mai cin harsashi ɗaya-ɗaya, irin su TOZ-35 ta zamanin Tarayyar Sobiyet da Hämmerli 150 da 160, an cire gasarta daga Olamfik bayan wasannin Rio na 2016, shi ya sa ta yi araha. In kulob ɗinku na da filin mita 50 kuma kana son wahalar da ke koyar da riƙo, ka saya. Amma kada ta zama ta farko.

Suna da kayan gyara

Wanda ya taɓa sayen mota ta hannu a Kano ya san ba kyan fenti ake fara tambaya ba, ana fara tambaya ne ko akwai kayanta a Ƙofar Ruwa. Haka abin yake a nan. Allura, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi ya tashi, tana karyewa, sifirin yana mutuwa, magazin, wato gidan harsasai, yana buɗewa. In waɗannan ba sa samuwa, abin ado ka saya.

Pardini SP ta Italiya ita ce ke cike da layin harbi a manyan gasanni yanzu, kuma da bindigar wannan kamfani Ralf Schumann na Jamus ya yi suna, wanda ya ci zinare uku a Olamfik a 1992, 1996 da 2004. Kamfanin na nan yana aiki, kayan gyara na samuwa, shi ya sa ko tsohuwarta ba ta faɗuwa a kasuwa. Magazin ɗinta a gaban kunama yake, ƙotarta a karkace sosai, sai ka karya wuyan hannunka ƙasa kafin saiti ya daidaita. Wasu suna jin daɗin haka daga ranar farko, wasu kuma har abada ba sa sabawa.

Walther GSP ta fito a 1968, kuma a Turai ita ce jakar kulob: an ƙera ta da yawa, kowane mai gyara ya san cikinta, tsofaffinta na da sauƙin kuɗi. Nauyinta a gaba yake, tana gajiyar da mai ƙaramin hannu. Hämmerli 208 ta Suwizalan, a wurin masu harbin natsuwa, har yau da wuya a sami kunamar da ta fi tata daɗi, sai dai an daɗe da daina ƙera ta, kamfanin ma ya koma ƙarƙashin Walther tun 2006, kayanta sai an nema kuma da tsada. Feinwerkbau AW93 ta Jamus ta samo asali ne daga zanen Efim Khaidurov, Barashen da ya ƙera TOZ-35, kuma 'yar uwarta ta talaka ita ce IZH-35M ta garin Izhevsk: aikin jikinta ba kyan gani, amma tana harbi kamar mai tsada. Matsalarta kayan gyara, musamman a Amurka inda takunkumin 2014 ya tsayar da shigo da kayan kamfanin. Benelli MP90S da ƙanwarta MP95E ma abin dubawa ne ga mai matsakaicin aljihu.

A ɓangaren Amurka, Model 41 ta fito a 1957, ƙotarta a tsaye irin ta bindigar soja, tana da tsirfa wajen zaɓen harsashi. High Standard, irin su Victor da Trophy da Citation, masana sun fi neman waɗanda aka ƙera a Hamden ta jihar Connecticut. Kamfanin asali ya rufe a 1984, wanda ya gaje shi a Texas ma ya rufe a 2018. Ruger kuwa, daga Mark II ta 1982 zuwa Mark IV ta 2016, ita ce mafi sauƙin kuɗi da sauƙin kaya, kodayake kunamarta ta kamfani tana bukatar gyara kafin ta yi gasa. In Mark IV ce da aka ƙera kafin Yunin 2017, ka tabbatar an mayar da ita kamfani an yi mata gyaran makullin kariya da aka yi kira a kai a waccan shekara.

Unique DES 69 ta Faransa, da Sako, da tsofaffin Domino da FAS, duk bindigogi ne na ƙwarai. Ni dai ba zan ba sabon shiga shawarar su ba sai in mai sayarwa zai haɗa da tarin kayan gyara. Shawarata a taƙaice: ka je kulob ɗinku ka ga wace iri ce ta fi yawa a layi, kuma wace iri mai gyaran yankinku ya iya. Ranar da allurarka ta karye ana saura kwana biyu gasa, maƙwabcinka na layi ne zai cece ka.

Kafin ka tashi zuwa gani

Ka kira mai ita ka yi masa tambayoyi, ka saurari yadda yake amsawa. Wane harsashi yake sa mata? In ya ce Eley ko Lapua ko SK ko RWS ko CCI mai matsakaicin gudu, ka ji mai kula. In ya ce "duk wanda na samu", ka ƙara buɗe ido idan ka je. Yaushe ya canja sifirin ɗin da ke mayar da silaid, wato ƙarfen da ke ja baya ya dawo a kowane harbi? Magazin nawa ne? Akwai akwatinta da littafinta da 'yan kayan kwancewa da ƙarafan ƙarin nauyi? Bindigogin Turai na gasa kan zo da takardar gwajin kamfani mai ɗauke da ramukan harsasai da lambar bindigar; wanda ya adana wannan takarda shekara talatin, da wuya ya wulaƙanta bindigar. Sai babbar tambaya: zai yarda ku haɗu a filin harbi ka gwada? In ya ƙi ba tare da dalili ba, ka bar masa kayansa.

Ka tafi da ƙaramar tocila, gilashin ƙara girma, tsumma, sandar goge bututu da ƙyallenta, harsashin roba na gwaji, da harsashi iri biyu ko uku. Ka kuma tafi da tsohon hannu daga kulob. Mai son abu ba ya ganin aibinsa, shi kuwa wanda ba kuɗinsa ba ne idonsa a buɗe yake.

Bincike a kan tebur

Da an miƙo maka ita, ka juya bakinta inda ba kowa, ka cire magazin, ka ja silaid baya ka kulle, ka leƙa mazaunin harsashi, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Ko mai ita ya rantse babu komai, ko a gabanka ya duba, kai ma ka duba.

Daga nan ka haska tocila a gindin bututu, daidai bakin ramin da harsashi ke shiga. Nan ne wurin da ya fi kowane muhimmanci, ga dalili. Wannan harsashi ba shi da maɓallin wuta a tsakiyar gindinsa. Maganin da ke kama wuta a cikin leɓen kwanson yake, zagaye. Allura tana matse leɓen ne a jikin ƙarfen bututu, sai wuta ta tashi. To idan aka ja kunama babu kwanso a wurin, a wasu bindigogi allurar ƙarfen bututun take duka kai tsaye. Sau ɗaya ba komai, sau ɗari sai ta yi ɗan rami a gefen, ta kuma turo ƙarfe cikin mazaunin. Abin da za ka gani ɗan lotsawa ne mai sheƙi, bai kai ƙwayar gero ba, daidai inda allura ke sauka. Illarsa biyu ce. Ƙarfen da ya kutsa ciki yana riƙe kwanso ya hana shi fita, sannan leɓen harsashi ya rasa abin jingina, allura ta buga wuta ta ƙi tashi. In lotsawar ƙarama ce, mai gyara na da ƙarfen da yake mayar da naman wurin mazauninsa, sai ka rage kuɗin aikin daga farashi. In ka ga alamar an sa zarto an goge, an cire ƙarfen ke nan, ba ya dawowa. Ka haƙura.

Kada ka rikita wannan da datti. Baƙin zobe na toka da maiƙo yakan taru a cikin mazaunin, shi ma yana hana harsashi shiga, amma buroshi na fitar da shi. Ka goge tukuna, sannan ka yanke hukunci.

Sai cikin bututu. Ka haska daga gindi ka leƙa ta baki: tsagogin da ke murɗa harsashi su fito sarai, ba ramukan tsatsa. Abin da kake tsoro shi ne wani zobe mai duhu a tsakiyar hanya. Yana faruwa ne idan harsashi mara ƙarfi ya tsaya a ciki, mai harbi bai lura ba ya aika wani a bayansa, bututun ya kumbura a wurin. Ido na iya kuskure shi, hannu ba ya kuskurewa: ka tura ƙyalle mai ɗan tsauri daga gindi a hankali, in ka ji ya yi sako-sako a wani wuri sannan ya sake kamawa, bututun ya kumbura. Wasu masu irin wannan suna ci gaba da harbi ba laifi, amma ba da kuɗinka za a gwada ba.

Ka duba leɓen bakin bututu da gilashi. Nan ne harsashi ke rabuwa da bindiga, kuma ɗan ƙwarzane a gefe ɗaya yana sa iskar albarushi ta fita a karkace ta ture shi. Yawanci masu goge bindiga ta baki da sandar ƙarfe ne ke jawo wannan. Gyaransa ba wuya, amma kuɗi ne.

Yanzu ka roƙi mai ita ya kwance ta, ya kuma cire ƙota. Ka lura da hannunsa. Wanda ya saba wanke bindigarsa ba ya lalube. Ka goge mai da tsumma ka bi kowace kusurwa da tocila kana neman tsagewa, siririya kamar gashi. A High Standard, gefen dama na gangar jiki kusa da ramin magazin ake dubawa, nan take tsagewa idan an daɗe ana ba ta harsashi mai gudu ko sifirin ya mutu ba a canja ba. A tsofaffin GSP, gidan da silaid ke gudu a ciki. A kowace iri, duk inda ƙarfe ke dukan ƙarfe idan silaid ya kai ƙarshen tafiyarsa. Tsagaggiyar gangar jiki ba ta da ciniki, don galibi ita ce mai ɗauke da lambar rajista, sauya ta daidai yake da sayen wata bindigar.

Kawunan sukurori ma suna ba da labari. In sun cinye, an sha murɗa su da sukudireban da bai dace ba, to wani mai karambani ya shiga cikinta, kuma inda ya fi son taɓawa shi ne kunama. Ka duba ƙugiyar da ke fizgo kwanso: bakinta ya zama da kaifi, in ka ɗaga ta da farce ta koma da ƙarfi. Kan allura ya zama lafiyayye, ba a ɓantare ba. Gogewar baƙin fenti a wurin riƙo da gefen silaid ba komai ba ne, alamar aiki ce, kuma ita ce ke sauko maka da farashi a banza.

In bindigar Jamus ce kana son sanin shekarunta, ka nemi hatimin gwaji a jikinta. Na garin Ulm, inda Walther take, ƙahon barewa ne, kusa da shi akwai haruffa biyu: A sifili ce, B ɗaya, haka har zuwa K tara, ana haɗa I da J a kan takwas. KA na nufin 1990, AF kuma 2005. Tsofaffi sosai lambar shekarar ake bugawa kai tsaye.

Kunama, saiti, ƙota

Ka sa harsashin roba ko tsohon kwanso kafin ka ja kunama, kuma ka nemi izini. Yawancin bindigogin Turai kunamarsu mataki biyu ce: ta ɗan tafi da sauƙi, ta tsaya, sannan ta karye. Abin da kake so shi ne ta tsaya wuri ɗaya ta karye da nauyi ɗaya kowane lokaci. Ja goma, ji goma iri ɗaya. In wani lokaci ta yi gurzo kamar da yashi a ciki, wani lokaci ta tafi sumul, akwai lalacewa ko datti.

Awon giram 1000 ba ya bukatar na'ura. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka ɗaure gorar ruwa ta lita guda da waya mai ƙugiya, ka ɗana bindigar ba harsashi, ka tsayar da bakinta sama, ka rataya ƙugiyar a tsakiyar kunama, ka ɗaga a hankali har gorar ta bar tebur. In ta ɗauka ba ta tashi ba, za ta wuce awo. In ta tashi, a bindigar gasa ta gaske sukurun gyara ne kawai za a murɗa. Amma in an murɗa har ƙarshe ba ta kai ba, wani ya goge haƙoran cikinta, kuma irin wannan ce ke sakin harsashi biyu a ja ɗaya. Wannan haɗari ne, ba ragi ake nema a kansa ba. Masu kunamar lantarki kuma, ka buɗe gidan batir ka ga ko ruwan batir ya ci shi, ka kuma tabbatar ana samun allon lantarkinta kafin ka saya.

Saitin baya ka kama shi da yatsu biyu ka girgiza. Kada ya motsa. Ka murɗa sukurorinsa ka ji ƙas-ƙas ɗinsu a fili. Ka ƙirga don ka mayar wa mai ita yadda ka samu.

Ƙota ce mutane ke rainawa, alhali ita ke haɗa ka da bindigar. Ana yin ta girma-girma, ta dama daban ta hagu daban, kuma kusan kowane tsohon maharbi ya sassaƙe tasa ya cike wasu wuraren da ƙullin katako har ta zama ta hannunsa shi kaɗai. Ka riƙe, ka daidaita matashin da ke tallafe gefen tafin hannu, ka rufe ido, ka ɗaga hannu kamar za ka harba, sannan ka buɗe. In saitin gaba ya faɗo cikin tsagar na baya ko kusa da haka, kun dace. In kullum yana ɓacewa hagu ko sama, ƙotar ba taka ba ce. Gaɓar farko ta ɗan alinka ta sauka kan kunama ba tare da miƙewa ba. Kamfanonin Rink da Nill na Jamus suna yin sababbi ga yawancin waɗannan bindigogi, amma kuɗinsu ba kaɗan ba ne, ka sa shi cikin lissafi tun yanzu. Ka kuma riƙe ta a miƙe na ɗan lokaci, ka sauke zuwa rabi ka ɗaga sau da yawa. Giram 1200 a tebur ba komai ba ne, a harbi na hamsin ne ake sanin nauyinsa.

A filin harbi

Harsashi ɗaya za ka fara sawa. Ka harba, ka ɗauki kwanson ka duba: tambarin allura ya zama mai zurfi, jikin kwanson ba dogon ƙarce, gindinsa ba kumburi. Sai ka sa biyu, don in tana da halin sakin biyu a ja ɗaya ka gane da wuri. Sannan biyar.

Ka harba aƙalla hamsin, ɗari ya fi, kuma ka sa wa kowane magazin lamba da alli ko tef. Yawancin cijewar bindigar .22 daga magazin take, kuma in ba ka yi musu alama ba, ba za ka san wanne ne mai laifi ba. High Standard ta fi kowa wannan hali, domin ba ta da gangaren da ke jagorantar harsashi zuwa mazauni, leɓɓan magazin ne ke yin aikin duka. In sun buɗe da kaurin farce, ta fara cijewa. Kwanso ya maƙale a tsaye a bakin silaid, ka zargi ƙugiya ko harsashin da ƙarfinsa bai isa ba. Harsashi ya ƙi tashi, ka jira ɗan lokaci bakinta na kallon allo, sannan ka fitar ka duba tambarin: mai zurfi laifin harsashi ne, mara zurfi laifin allura ko datti. In ta cije da iri ɗaya ta yi lafiya da wani, ba lalacewa ba ce, hali ne, sai ka san abin da za ka riƙa saya mata. A lokacin sanyi ma maiƙon jikin harsashi yakan daskare ya rage wa silaid gudu.

Dalilin da na tsaya a nan shi ne, a gasar ISSF ta mata da ta saurin wuta sau ɗaya ake yi maka uzurin cijewa a kowane zango na harbi 30. Ta biyu, harsasan da ba su fita ba sifili ne. Cijewa ɗaya na iya cinye maki talatin ko arba'in, abin da bambancin bututu mai kyau da mafi kyau ba zai taɓa mayar maka ba. Zoben goma a allon natsuwa na mita 25 faɗinsa milimita 50 ne, na cikinsa 25, kuma duk bindigogin da na ambata in suna da lafiya suna iya tara harsasai cikin wannan. Bindiga mai suna da ke cijewa sau ɗaya a ɗari, Ruger mai lafiya ta fi ta amfani.

Duk da haka ka gwada taruwar. Ka ɗora hannu kan jakar yashi, ko ka ba gwanin kulob ya harba goma. Ramukan su zama zagayayyu. In ka ga mai tsawo kamar harsashin ya shiga a kwance, bututun ko bakinsa na da matsala. Ka murɗa saiti ƙas goma ka harba biyar, ka mayar goma ka sake harbawa, ya kamata su koma inda suka fara. Kafin ka goge, ka kalli bakin bututu: toka da maiƙo kan zana wata 'yar tauraruwa a wurin, in ƙafafunta sun yi daidai ta kowane gefe, bakin lafiya lau yake.

Ciniki da takardu

Ka rubuta duk abin da za ka kashe bayan saye: ƙota, magazin na biyu ko na uku, sifirin, allura, ladan mai gyara, kuɗin dillali da na rajista. Ka haɗa da farashin, ka gwada da kuɗin wata mai tsada wadda ta zo da kayanta cif. Sau da yawa mai arahar ce ke fin tsada. Da wannan takardar za ka yi tayi, kana nuna abin da ka gani, ba kushe ba. Masu sayar da irin waɗannan bindigogi galibi dattawa ne da ido ko kafaɗa ta sa suka ajiye wasa, kuma sukan sassauta wa wanda suka ga zai ci gaba da harba ta. In an sallama, ka tambayi ko akwai sauran kayan gyara a aljihun tebur. Sau da yawa akwai, kuma kyauta ake bayarwa.

Ka gwada lambar jikin bindiga da ta takardar mallakarsa, harafi da harafi. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ka tashi ka bar wurin. A rubuta takardar ciniki, kowa ya riƙe kwafi, a kuma sanar da hukuma cikin wa'adin da dokar wurin ta sa. In ta intanet ne, kada ka tura kuɗi ga wanda ya ƙi bi ta hannun dillali mai lasisi, ka kuma nemi a ba ka 'yan kwanakin dubawa da damar mayarwa. Akwatin ƙarfe mai makulli ya riga bindigar isa gida.

Ranar da ta zama taka, ka canja sifirin ɗin silaid ko da an ce sabo ne, ka wanke ta, ka sa mai kaɗan a inda littafinta ya nuna. Ka gwada harsashi iri uku ko huɗu masu matsakaicin gudu, wanda ta fi so ka duba lambar rukunin da ke jikin kwalinsa ka sayi da yawa daga wannan rukunin.